Daga Fitilar Maƙera Zuwa Fitilar Ƙwai

Jama'a, duk wanda ya tashi a nan Gangaren Tudu ya san fitilar ƙwai da aci-bal-bal, amma kaɗan ne cikinmu suka riski wadda ta gabace su, wato fitilar ƙarfe ta maƙera. Ita kanta kalmar fitila daga Larabci muka aro ta, inda take nufin lagwani.

Lokacin da Abdu Zanga ya kafa Keffi wajen 1800, har zuwa zamanin da kakanninmu fatake suka riƙa gangarowa daga Katsina da Kano da Zazzau suna zama, ba wanda ya san kananzir. Maƙerin baƙi ne mai haskaka gari. Zai ɗauki ƙarfen da aka narko daga tama, yaro na ja masa zuga-zugi, ya riƙe shi da awartaki ya yi ta dukansa a kan uwar maƙera har ya fitar da ɗan kasko mai baki. Sa'an nan ya yi masa doguwar ƙafa mai tsini wadda za a kafa a ƙasa ko a soka jikin bango. A zuba man kaɗanya ko na gyaɗa, a murza auduga a yi lagwani, shi ke nan. Da irin wannan haske malamai suka yi ta kwafar littattafai a zaure. Gwanaye kuwa ba su tsaya nan ba: sukan murɗa ƙafar, su lanƙwasa mata rassa. Nufawan Bida sun yi suna a nan, don sukan ƙera doguwar fitila mai kasake da yawa. Su ɗin ne dai ke da Masaga masu narka gilashi, sai dai nasu munduwa ne da duwatsun wuya, ba ƙwan fitila ba.

To, bayan Turawa sun ci ƙasar nan, a daidai shekarun da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, sai kantunan kamfanoni irin su John Holt suka fara kawo kananzir da fitila mai ƙwai. Cikin sanannunta akwai Feuerhand ta gidan Hermann Nier a Jamus, da Dietz ta Amurka. Iska ba ta kashe ta, ba ta cika hayaƙi ba, saboda haka amarya ma sai da ita a cikin kayan ɗaki. Kasuwar fitilar ƙarfe ta faɗi. Masu ƙirar fari suka koma haɗa aci-bal-bal da gwangwanin madara da darma, don talaka da mai tuyar ƙosai. Yau ga fitilar caji da ta sola sun ture su duka.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, ba mu riƙe sunan ko maƙeri ɗaya a jikin aikinsa ba. A Amurka, fitilun gilashi masu launi na kamfanin Louis Comfort Tiffany sun zama dukiya, har a 1997 aka sayar da guda ɗaya dala miliyan 2.8. Su ma fa sai a 2007 aka fito da cewa wata mata, Clara Driscoll, ita ce ta zana da yawa daga cikinsu, don an samu wasiƙunta a ajiye. Namu maƙeran ba su bar wasiƙa ba, sai abin da ke bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Fitilun da suka rage a ƙarƙashin gado da bayan rumbu, 'yan gwangwan na bi gida-gida suna saye a kan sikeli, kilo-kilo, farashi ɗaya da tsohon rodi.