Mudun Awon Masana: Tarihin Ƙidayar Ambato a Fagen Kimiyya

Tun fil azal mai ilmi ba ya magana da ka, sai ya faɗi inda ya samo. Amma a zauna a ƙidaya sau nawa aka ambaci aikin masani, sannan a ce wannan adadi shi ne nauyinsa, al'amari ne da bai cika shekara ɗari ba. Da yake yanzu jami'o'i da dama suna duban irin wannan lissafi wajen ɗaukar malami ko ƙara masa girma, ya kyautu mu san mafarin abin, da kuma dalilin da aka ƙago shi.

Tushen dabarar daga wajen lauyoyi yake. A 1873 wani Ba'amurke, Frank Shepard, ya fara buga jerin hukunce-hukuncen kotuna, yana nuna kowane hukunci da shari'o'in da suka kafa hujja da shi daga baya, don lauya ya san ko yana nan daram ko an rushe shi. A 1955 sai Eugene Garfield ya kawo shawara a mujallar Science cewa a yi wa maƙalolin kimiyya irin wannan fihirisa. Ya kafa cibiyarsa a Filadelfiya, kuma a 1964 aka fara fitar da Science Citation Index. Babban nufinsa shi ne sauƙaƙa bincike: idan ka riƙe maƙala guda, fihirisar za ta nuna maka duk waɗanda suka ɗora a kanta, har da waɗanda suka ƙaryata ta.

To, da ma duk abin da ya ƙirgu, sai an yi awo da shi. A 1965 Derek de Solla Price ya nuna cewa maƙaloli suna sarƙe da juna kamar saƙar gizo-gizo, kuma 'yan kaɗan ne ke kwashe mafi yawan ambato. A 1968 masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana ɗaya daga cikin dalilan haka, watau wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa yabo, ko da ƙaramin abokin aikinsa ne ya sha wahalar. Daga 1975 cibiyar Garfield ta soma fitar da ma'aunin tasirin mujallu kowace shekara. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya ƙago ma'aunin h don auna mutum ɗaya: mai lamba 20 shi ne wanda yake da maƙala 20 da aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 20.

Hanya ta biyu ita ce duban wa ya yi aiki da wa. Fitaccen misali shi ne Paul Erdos, masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari, wanda aka haifa a 1913 ya rasu a 1996. Ba shi da mazauni tsayayye. Daga gidan wannan masani sai gidan wancan, har ya rubuta maƙala wajen 1,500 tare da mutum fiye da 500. Cikin raha abokansa suka ƙirƙiri lambar Erdos: wanda ya yi rubutu tare da shi lambarsa 1, wanda ya yi da wancan lambarsa 2, haka har gaba. Wasa ya zama ilmi, domin da irin wannan taswira ake gane wanda ya zama gada tsakanin fannoni biyu. Sai dai a 2015 an buga wata maƙala a kan ƙwayar Higgs mai ɗauke da sunan marubuta 5,154. A nan wa za a ce ya yi aiki da wa?

Tarihi ya sha nuna inda mudun ya gaza. Gregor Mendel ya buga bincikensa kan gadon halittu a 1866, amma kusan ba wanda ya waiwaye shi sai a 1900. Da ana ƙidaya a lokacin, da an ce bai tsinana kome ba. A 2014 mujallar Nature ta jera maƙaloli 100 da aka fi ambata. Ta farko ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, kan hanyar auna furotin, mai ambato fiye da 300,000, alhali ta Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana surar DNA, ko shiga jerin ba ta yi ba. Dalili kuwa, hanyar aiki kullum sai an ambace ta, amma babban bincike da zarar ya shiga littattafan makaranta sai a daina faɗin mai shi. Haka kuma maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta danganta allurar riga-kafi da wata lalura, ta samu ambato mai yawa ko da yake an janye ta a 2010. Ƙidaya ba ta bambance yabo da zargi. Bugu da ƙari, yawancin mujallun da ake ƙirgawa na Turanci ne daga Turai da Amurka, saboda haka wanda ya yi rubutu da harshensa a mujallar gida da wuya lissafin ya gan shi.

Wannan ya sa a 2012 wasu editoci da masana suka taru a San Faransisko suka tsara wata sanarwa, suna kira da a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya yi rubutu a ciki. Shi kansa Garfield, wanda ya rasu a 2017, ya sha jan kunne a kan haka.

Abin lura a nan shi ne, fihirisa aka yi don nuna hanya zuwa ga karatu, sai aka mai da ita sikeli don a huta da karatun. Adadi yana nuna inda hankalin jama'a ya karkata, wannan kuwa abu ne mai amfani. Amma Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk kwamitin da zai yanke wa malami hukunci, kuma duk ɗalibin da zai zaɓi madogara, wajibi ne ya buɗe aikin ya karanta da kansa.