Daga Gaɗa Zuwa Filin Makaranta: Tarihin Wasan 'Ya'yanmu Mata A Kudu

Duk shekara idan gasar wasannin makarantu ta zo, wadda yara ke kira intahaus, sai ka ji gardama ta tashi a gidajenmu: a bar yarinya ta shiga tsere ko a hana ta? Mafi yawan masu hanawa cewa suke ba al'adarmu ba ce. Bari mu waiwayi tarihi mu gani.

A ƙasar Hausa 'yan mata na da wasanninsu tun kaka da kakanni. Maza na kokawa da langa, mata kuma na gaɗa a dandali idan farin wata ya fito. Duk wanda ya taɓa kallon gaɗa ya san aikin ƙarfi ce: ga tafi, ga tsalle, ga wadda za ta faɗo da baya ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama. Haka 'yar gala-gala ke koya wa yarinya tsayuwa da ƙafa ɗaya, carafke kuma ya koya mata saurin hannu da ido. Ga daka da ɗebo ruwa a rijiya. Ke nan kakanninmu mata ba a zaune suka girma ba.

Da fataucin goro da na shanu suka kawo iyayenmu Kudu, sai aka kafa unguwanni irin Sabon Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916. A hankali jama'a ta yi yawa, aka gine filaye da shaguna da ɗakunan haya, dandali ya ƙare. Yau yarinyar da ke Agege ko Idi-Araba a Ikko, daga ɗaki sai aji, daga aji sai Islamiyya, sai kuma gaban talabijin ko waya.

Su kuwa maƙwabtanmu wata hanya suka biyo. Makarantun mishan na 'yan mata sun kafu a Kudu tun ƙarni na 19, alhali makarantun boko na mata na farko a Kano da Katsina sai a 1930 aka buɗe su. A zamanin Turawa, kowace ranar 24 ga Mayu 'yan makaranta kan yi fareti da tsere don bikin Ranar Daular Ingila. Bayan yaƙin basasa gwamnati ta fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Ikko a 1973, sannan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara mata.

An ga amfanin haka. Chioma Ajunwa, 'yar sanda daga Jihar Imo, ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996, ta ciwo wa Nijeriya zinare a wasannin Olamfik. Tobi Amusan 'yar Ijebu-Ode ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, cikin daƙiƙa 12.12. Asisat Oshoala, Musulma 'yar Ikorodu, wadda iyayenta suka ƙi yarda da ƙwallonta da farko, sau 6 ana zaɓenta gwarzuwar Afirka.

To me ya hana namu? Ya mai karatu, babban dalili shi ne sutura, kuma iyaye na da hujja, domin gajeren wando da 'yar singileti ba shigar 'ya'yanmu ba ce. Sai dai wannan ma ya sauya. Masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya sun amince da lulluɓin kai a 2014, hukumar ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. Nan gida kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Ikko a 2022. A littafin Abu Dawuda ma akwai hadisin tseren da Manzon Allah (SAW) ya yi da Nana A'isha (RA).

Saboda haka abin da ya rage mana shi ne zaɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. 'Yar shekara 6 zuwa 8 ba ta buƙatar gasa mai tsanani; guje-guje da tsallen igiya da jifa da cafe ƙwallo sun ishe ta, har da suwe da tenten na ƙawayenta Yarabawa, waɗanda ba su da nisa da 'yar gala-gala da gaɗarmu. Daga shekara 9 zuwa 12 sai ta gwada tsere ko ƙwallon hannu ko na raga ko na tebur, a bar ta ta ɗauki wanda ranta ke so. Uwa ko uba su je makaranta su ga wanda ke koyarwa, su nemi a yarda da dogon wando da ƙaramin hijabi marar fil, su tabbatar akwai ruwan sha, kuma ana tashi kafin magariba.

Sarakunan Hausawa da kwamitocin Islamiyyunmu su ma da nasu aikin. Harabar makaranta ɗaya da za a ware wa 'yan mata da yammacin Alhamis, ƙarƙashin kulawar malama mace, za ta maye mana gurbin dandalin da muka rasa. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.