Momentam

momentam (suna, namiji, fiziks): ƙarfin tafiyar da abu mai motsi ke ɗauke da shi. Ana samunsa ta ninka nauyin abu da saurinsa. Tirela mai kilo 30,000 da ke cin mita 10 a daƙiƙa tana da momentam 300,000. Babur mai kilo 150 a wannan gudun, 1,500 kacal. Shi ya sa tirela ba ta tsayawa nan take.

In abu biyu suka yi karo, jimillar momentam ɗinsu ba ta sauyawa muddin wani ƙarfi bai shigo daga waje ba. Dokokin Isaac Newton na 1687 ne tushen wannan.

Gola kan janyo hannu baya yayin cafe ƙwallo, domin tsawaita lokacin tsayarwa na rage zafin bugu. Aikin bel ɗin mota ke nan, a riƙa ɗaura shi.