Tarihin diyyar wanda inji ya ji wa ciwo

Ƴan uwa manoma na Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji, kakanninmu sun noma gyaɗa ƙwarai. Ana kai ta Maraɗi, inda aka kafa masana'antar matsar mai ta Siconiger a 1942. Daga baya aka kafa ta gurzar auduga. Samarin ƙauye suka riƙa zuwa neman aiki da rani.

Wanda ya saba da hauya bai san halin inji ba. Hauya tana tsayawa in ka tsaya. Inji kuwa sai an kashe shi. Igiyar da ke juya shi tana kama hannun riga, ta ja mutum. Haƙoran injin gurza suna cire yatsu kafin a ce kwabo. Manomin da ya rasa yatsu uku, yaya zai riƙe hauya in damina ta faɗi?

To, wa zai biya? A Faransa, tun 1898 doka ta ce mai masana'anta ne zai biya diyya, ko da ba laifinsa ba ne. Amma Turawan mulki ba su yi gaggawar kawo mana wannan doka ba. Sai da ma'aikatan Afirka ta Yamma suka yi yajin aiki ran 3 ga Nuwamba 1952. A watan Disamba na shekarar aka sa hannu kan dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ke mulki. Dokar diyyar haɗarin aiki ta biyo baya a 1957. Shekara 59 ke nan bayan ta Faransa!

Da muka samu ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa asusun ma'aikata a 1965, wanda ake kira CNSS. Mai aiki ne ke zuba kuɗin haɗari, ba lebura ba. In inji ya ji wa ma'aikaci ciwo, asusun ke biyan magani. In ya naƙasa, a yanka masa kuɗin da zai riƙa karɓa.

Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya noman gyaɗa, aikin masana'antu ya ja baya. Amma inji ya shigo ƙauye. Yanzu kusan kowace kasuwa tana da injin niƙa, igiyarsa a buɗe, ba murfi. Yaron da ke zuba hatsi a ciki, galibi ba a rubuta sunansa a asusun ba. In ya ji ciwo, sai abin da mai inji ya ga dama ya ba iyayensa.