Falasɗinu a Ma'aunin Mai Zaɓe: Nazari daga Mazaɓar Ƙaraye da Rogo

Ranar 30 ga Disamba 2014, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna kan wani ƙuduri da Jodan ta gabatar a madadin ƙasashen Larabawa, wanda ya nemi a sa wa Isra'ila wa'adin janyewa daga yankunan Falasɗinawa da ta mamaye tun 1967. Ƙuri'a tara ake buƙata, takwas aka samu. Amurka da Ostareliya suka ƙi, ƙasashe biyar suka yi rowar ƙuri'arsu, kuma Najeriya na cikin biyar ɗin. Da ta ɗaga hannu, da Amurka sai ta hau kujerar na-ƙi a gaban idon duniya kafin ta kashe ƙudurin. Rowar da muka yi ta ɗauke mata wannan nauyi. Jakadanmu a Niyok ba ra'ayin kansa yake kaɗawa ba, umarnin fadar shugaban ƙasa yake bi, shugaban ƙasa kuwa daga akwatunan zaɓe yake fitowa, har da waɗanda ake ajiyewa a makarantun firamare na Ƙaraye da Rogo.

Wannan ya isa amsa ga mai cewa batun Falasɗinu ya yi wa talakan karkara nisa, bai kamata ya shiga rumfar zaɓe da shi ba. Ya shiga da shi. Abin da ya rage a tattauna shi ne yadda za a auna, da kuma wace kujera ce za a ɗora wa wane nauyi. A nan ne nake ganin muna da babban giɓi, domin tausayin da mutanenmu ke yi wa Falasɗinawa na gaske ne, amma ba a taɓa mayar da shi tambayar da ɗan takara zai ji tsoron amsawa ba.

Tushen wannan tausayi ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun a Jamhuriya ta Farko Sardauna Ahmadu Bello ya ƙi yarda Jihar Arewa ta karɓi rance ko taimako daga Isra'ila, alhali gwamnatin tarayya ta Tafawa Ɓalewa tana hulɗa da ita. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta hukunta Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero da Ooni na Ife Okunade Sijuwade saboda ziyarar da suka kai Isra'ila, aka hana su fita daga ƙasarsu na tsawon wata shida. Masallacin Ƙudus alƙibla ce ta farko, kuma yaron da ya yi allo ya san labarin Isra'i kafin ya san taswirar duniya. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe mutane kimanin 1,200 a Isra'ila, da ruwan bama-baman da ya biyo baya a Gaza, wanda ma'aikatar lafiyar yankin ta ce ya ci rai sama da 60,000 kafin ƙarshen Yulin 2025, an yi ta alƙunutu a masallatan Kano, an yi huɗubobi, hotunan gawarwakin yara sun yi ta yawo a wayoyi har ƙauyukan da ba su da wutar lantarki.

Sai dai wannan yarda ta kowa da kowa ita ce kuma raunin lamarin a fagen siyasa. A mazaɓar da kusan kowa ke goyon bayan Falasɗinu, furta goyon bayan ba ya bambanta ɗan takara da abokin hamayyarsa. Babu mai neman kujera a Rogo da zai hau mumbari ya ce yana tare da masu rushe Gaza. Kowa zai yi Allah-wadai, kowa zai ɗaga hannu a yi addu'a, kuma ba wanda zai yi asarar ko sisi. Maganar da ba ta jawo wa mai ita wata hasara ba, ba ta bayyana halinsa. A Mishigan ta Amurka, sama da mutum 100,000 sun kaɗa ƙuri'ar ƙin goyon bayan Joe Biden a zaɓen fidda gwani na Fabrairun 2024 saboda Gaza. A Ingila, a zaɓen Yulin 2024, ɗan takara mai zaman kansa Shockat Adam ya kayar da jigon jam'iyyar Leba Jonathan Ashworth a Leicester ta Kudu kan wannan batu. Amma can gwamnatocinsu ne ke sayar wa Isra'ila makamai, 'yan majalisarsu kuma sun kaɗa ƙuri'u a rubuce waɗanda mai zaɓe zai iya ɗaukowa ya nuna musu. Wanda ya kwaso wannan salo ya sauke a Ƙaraye ba tare da gyara ba, zai tarar babu abin kamawa.

Abin kamawa a wurinmu yana cikin tsarin mulkin 1999. Harkokin waje na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai. Sashe na 19 ya jera manufofin ƙasar a waje, ciki har da mutunta dokokin ƙasa da ƙasa da kawar da wariya kowace iri. Shugaban ƙasa ne ke naɗa ministan harkokin waje da jakadu, shi ke yanke inda ƙuri'armu za ta faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Don haka a zaɓen shugaban ƙasa batun Falasɗinu yana da cikakken nauyinsa, kuma akwai tarihin da za a duba. A Nuwamban 2012 Najeriya ta goyi bayan ba Falasɗinu matsayin ƙasa 'yar kallo, shekara biyu bayan nan gwamnati ɗaya ta Goodluck Jonathan ta yi rowar da na ambata. A Disamban 2017, zamanin Buhari, ta bi sahun ƙasashe 128 da suka yi watsi da matakin Donald Trump na amincewa da Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila. A Nuwamban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya halarci taron ƙolin ƙasashen Larabawa da na Musulmi a Riyad ya jaddada kafa ƙasashe biyu. Amma ƙarar kisan ƙare dangi da aka shigar kan Isra'ila a Kotun Duniya a Disamban 2023, Afirka ta Kudu ce ta kai. Ƙasar da Murtala Muhammed ya tsaya da sunanta a Adis Ababa a 1976 ya ƙi umarnin Amurka kan Angola, ba ita ce a gaba ba a wannan karo. Mai zaɓe yana da haƙƙin tambayar dalili.

Daga shugaban ƙasa sai sanata. Ƙaraye da Rogo suna cikin mazaɓar Kano ta Kudu, kuma Majalisar Dattawa ce ke tantance ministoci da jakadu. A Satumban 2023 aka kira jakadun Najeriya gida, shekara biyu cur suka shuɗe ba a maye gurbinsu ba, daidai lokacin da ake yaƙin Gaza. Ƙasar da ofisoshin jakadancinta ba su da jakadu, muryarta ba ta kai nisa, komai daɗin jawabinta. Sanatan da ya damu da Falasɗinu da gaske, a irin wannan wuri ake ganin damuwarsa, wuri maras armashi da ba a tafa wa mutum a kansa.

Ɗan majalisar wakilai, wanda shi ne ya fi kusa da mutanen mazaɓar, mutum ɗaya ne cikin 360. Kujerar Ƙaraye da Rogo ta faɗa hannun Haruna Isa Dederi a 2019 a jam'iyyar APC, ta koma hannun Abdullahi Sani Rogo a 2023 a NNPP, kuma duk wanda ya san siyasar Kano ya san tutar jam'iyya ba ta faɗa maka komai game da matsayin mutum kan harkokin waje. Ƙarfin wannan kujera taƙaitacce ne, amma akwai shi. Sashe na 12 ya ce babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da za ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Kasafin kuɗi ta hannunsu yake bi, kuma sashe na 88 ya ba su ikon bincike. A 2013 jaridar Premium Times ta bankaɗo kwangilar dala miliyan 40 da gwamnati ta ba kamfanin Elbit Systems na Isra'ila don sa ido kan abin da 'yan ƙasa ke yi a intanet, Majalisar Wakilai kuma ta nemi a dakatar da ita. Elbit na cikin manyan masu ƙera wa sojojin Isra'ila makamai. Ga inda haƙƙin Bafalasɗine da haƙƙin ɗan Najeriya suka haɗu a takarda ɗaya, ga kuma irin tambayar da ta dace a yi wa mai neman wannan kujera: idan irin wannan kwangila ta zo gabanka, me za ka yi, kuma ka taɓa tashi a zauren majalisa ka ƙi wani abu da shugaban ƙasa na jam'iyyarka yake so?

Gwamna da ɗan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma ba su da hannu a harkokin waje. Wanda ya zo neman shugabancin ƙaramar hukumar Rogo yana kaɗa tutar Falasɗinu, alhali ba shi da amsa kan asibiti da rijiya da malaman firamare, ya ɗauki jinin mutanen Gaza ya yi lulluɓi da shi. Wannan ya fi shiru muni a wurina.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da ba zan raina ba. Manomin Ƙaraye zai ce tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin taki da na mota suka fi ƙarfinsa. Madatsar ruwa ta Calawa tana ƙasarsa tun 1992, tana hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya, kuma yawan amfanin da zai samu da ita a noman rani ya dogara ne da abin da ake sa wa a kasafin da ɗan majalisarsa ke zaune a kai. Mutumin Rogo, da ke iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, yana kwana da fargabar masu satar mutane. Ƙuri'arsa ɗaya ce, me zai sa ya kashe ta a kan ƙasar da bai taɓa gani ba? Gaskiyarsa. Tsarin mulki ma ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne aikin gwamnati na farko. Idan ɗan takarar majalisa ya iya maganar Ƙudus amma an san ya ci kuɗin aikin mazaɓa, to a bar shi. Amma da wuya zaɓin ya zo a haka tsirara. Abin da ake nema a wurin wakili kan Gaza, wato ya tsaya wa wanda aka fi ƙarfi ko da manya ba su so, shi ne dai abin da ake nema a wurinsa kan gonar da aka ƙwace wa talaka ko ɗan da aka tsare ba shari'a. Siyasar Malam Aminu Kano a NEPU da PRP ba ta taɓa raba zaluncin gida da na waje ba, kuma wannan gadon namu ne a Kano, ba aro muka yi ba.

Shi ya sa gwaji mafi tsauri yana nan gida. A Yulin 2014 sojoji suka buɗe wuta a kan masu jerin gwanon Ranar Ƙudus a Zariya, suka kashe mutane sama da talatin, ciki har da 'ya'yan Shaikh Ibrahim Zakzaky uku. Mutane da yawa da ke kuka da kisan Gaza sun yi gum, saboda waɗanda aka kashe ba 'yan ɗariƙarsu ko ƙungiyarsu ba ne. Ba sai mutum ya yarda da aƙidar 'yan Shi'a ba kafin ya ce bai halatta a harbe mai tattaki ba. Ɗan siyasar da zai la'anci sojan Isra'ila, wanda ba ya iya taɓa shi, amma ya kasa tambayar hukumomin ƙasarsa ba'asin jinin 'yan ƙasa, ya nuna iyakar jarumtarsa.

Haɗari na ƙarshe shi ne a mayar da Falasɗinu sandar dukan ɗan takara saboda addininsa, a ce Musulmi namu ne, Kirista nasu ne. Tarihinmu bai yarda da wannan ba. Janar Yakubu Gowon, Kirista, shi ya yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a Oktoban 1973. Janar Ibrahim Babangida, Musulmi, a zamaninsa aka amince da ƙasar Falasɗinu a 1988, kuma shi ne ya maido da hulɗa da Isra'ila a 1992. Falasɗinawan kansu akwai Kiristoci a cikinsu: Shireen Abu Akleh, wakiliyar Aljazeera da aka harbe a Jenin ranar 11 ga Mayu 2022, Kirista ce, kuma a Oktoban 2023 an kashe masu neman mafaka a harabar cocin Saint Porphyrius da ke Gaza. A ƙauyukan Rogo da Ƙaraye akwai Hausawa Kiristoci, kasuwa ɗaya ake ci da su, akwati ɗaya ake jefa ƙuri'a. Idan aka gabatar musu da batun a matsayin na mutanen da aka kora daga gidajensu tun 1948, sama da 700,000 a lokacin, kuma Kotun Duniya ta bayyana a Yulin 2024 cewa ci gaba da mamayar yankunansu ya saɓa wa doka, babu abin da zai hana su tsaya tare da maƙwabtansu.

Masu iya ɗaukar wannan aiki suna nan a mazaɓar: malaman makaranta, limamai, ƙungiyoyin ɗalibai na Ƙaraye da Rogo da ke Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da 'yan jaridar gidajen rediyon Kano waɗanda 'yan takara ke rububin shiga shirye-shiryensu. Lokacin yin tambayar shi ne kafin zaɓen fidda gwani, sa'ad da ɗan takara ke yawo gida-gida yana neman a karɓe shi. A yi masa ita a bainar jama'a, a naɗi amsarsa a waya, a ajiye ta har ranar da zai dawo neman zango na biyu.