Babi na Huɗu: Ɗan Ruwa Biyu da Cancantar Mulki, Daga Sarautar Haɗejiya Zuwa Zaɓen Shugaban Ƙasa

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin al'ummomin da suka zauna a fadamar kogin Haɗejiya, wato Auyokawa da Hausawa da Mangawa da Badawa da Barebari da Fulani, da yadda auratayya ta cuɗa su. Wannan babi zai duba matsayin ɗan da aka haifa ta irin wannan auratayya dangane da shugabanci. Abin da ake nufi da ɗan ruwa biyu a nan shi ne wanda ubansa da uwarsa suka bambanta ta fuskar jinsi ko launin fata. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa a tsarin sarautar ƙasar Haɗejiya nasabar uba ake dubawa, kuma shigar launin fata cikin muhawarar neman mulki abu ne da ya zo daga baya, tare da iyakokin Turawa da akwatin zaɓe. Domin a fito da wannan fili, za a kwatanta da Amurka da Nijar da kuma Nijeriya ta yau.

4.1 Biram da Hikayar Bayajidda

Garun Gabas, wanda ake kira Biram ta Gabas, yana cikin masarautar Haɗejiya, kuma shi ne ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Kamar yadda tarihin baka ya nuna, Bayajidda baƙo ne daga Bagadaza wanda ya sauka Borno, ya auri 'yar Mai. Da zai gudu zuwa yamma ya bar ta a Garun Gabas da juna biyu, a nan ta haifi Biram wanda ya mulki garin. Masana tarihi ba su ɗauki wannan labari a matsayin abin da ya faru daidai da yadda ake ba da shi ba. Duk da haka yana da amfani ga wannan nazari, domin yana nuna tunanin masu ba da shi. Mutanen da suka yarda su danganta tushen sarautarsu ga ɗan Balarabe da Babarbariya ba su ɗauki gamin jini a matsayin aibi ba.

Sai dai hikayar ba ta share uwa gaba ɗaya ba. Bawo, ɗan sarauniyar Daura, shi ne uban sauran sarakunan Hausa Bakwai, alhali Karɓagari, ɗan kuyanga Bagwariya, shi aka jingina wa Banza Bakwai. Wannan ya nuna tun da can akwai gorin asalin uwa, amma gori ne na 'yanci da bauta, ba a ambaci fari ko baƙi a cikinsa ba.

4.2 Gidan Sambo da Rikicin Buhari

Kafin jihadi, ƙasar Haɗejiya ƙananan masarautu ne guda bakwai: Auyo da Haɗejiya da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, dukkansu suna biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke Nguru. Fulanin yankin sun karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma a shekarar 1808 Sambo ya zama sarki. Daga zuriyarsa ne sarakunan Haɗejiya suke fitowa har zuwa Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau gado a 2002.

Shari'ar Musulunci da daular Sakkwato ta tsaya a kanta ta tanadi cewa ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne mai cikakken 'yanci, yana gado daidai da ɗan matar aure, ita kuma uwar tana samun 'yanci bayan rasuwar ubangijin nata. Saboda haka a fadojin Fulani ɗan sarki Bafulatani ne ko da uwarsa baiwa ce da aka kamo a yaƙi, ko da kuma ya ɗauko launinta. Babban misali shi ne Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859. Mahaifiyarsa Ladi ƙwarƙwara ce Bahaushiya, wannan bai hana masu zaɓen sarki su ɗora shi a kan gadon kakansa ba.

A zamanin wannan Sarkin Musulmi ne rikicin gadon sarauta mafi girma a tarihin Haɗejiya ya auku. Buhari ɗan Sambo ya hau mulki a 1848, alhali ɗan'uwansa Ahmadu ne ake ganin uban ya fi so. A 1850 Sakkwato ta tuɓe Buhari ta naɗa Ahmadu. Buhari ya komo a 1851 ya ƙwace garin, aka kashe Ahmadu, sannan a 1853 ya karya rundunar da aka haɗa masa a Gamon Kaffur. Ya ci gaba da mulki ba tare da biyayya ga Sakkwato ba har ya rasu a yaƙin Gogaram, ƙasar Bade, a 1863. Abin lura a nan shi ne abubuwan da suka yanke hukunci a wannan rikici su ne wasiyyar uba, da amincewar Sarkin Musulmi, da ƙarfin mayaƙa da bayin sarki. Da Buhari da Ahmadu duk sun cancanci neman sarauta ne saboda dalili guda, wato kasancewarsu 'ya'yan Sambo. Bahaushe ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa.

Bai kamata a ɗauka wannan tsari na daidaito ba ne. Ƙofar a buɗe take ta ɓangaren uwa, amma a rufe take ta ɓangaren uba. Bacucane, wato ɗan da bayi suka haifa a gidan ubangijinsu, yana iya riƙe babbar sarautar bayi ya jagoranci runduna, amma ba zai zama sarki ba. Haka ma talaka komai haskensa.

4.3 Akasin Haka a Amurka

A Amurka an bi hanya ce da ta saba wa wannan. A shekarar 1662 majalisar Bajiniya ta yi dokar cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, don haka ɗan da Bature ya haifa da baiwarsa bawa ne. Daga baya aka kafa al'adar ɗaukar duk mai ɗigon jinin Afirka a matsayin baƙar fata, kuma sai a 1967 Kotun Ƙoli ta soke dokokin hana aure tsakanin fari da baƙi.

A kan wannan tarihi Barack Obama ya tsaya takara a 2008. An haife shi a Hawai a 1961, ubansa ɗan ƙabilar Luo ne daga Kenya, uwarsa Baturiya daga Kansas. A farkon takararsa wasu baƙaƙe sun yi tantamar ko nasu ne, tun da kakanninsa ba su ɗanɗana bauta a Amurka ba, wasu fararen kuma suna ganin baƙi ne kawai. Ya ci zaɓen da ƙuri'un wakilai 365, inda kimanin kashi 95 cikin ɗari na baƙaƙen da suka yi zaɓe suka ba shi, fararen fata kuwa kimanin kashi 43. A ƙidayar jama'a ta 2010 ya rubuta kansa a matsayin baƙar fata kaɗai. Masu adawa kuma suka koma ga zargin ba a ƙasar aka haife shi ba, har ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a 2011. Da a ma'aunin fadar Haɗejiya ne, muhawarar launi ba za ta taso ba, domin za a ce da shi ɗan ubansa.

4.4 Nijar da Nijeriya

Kogin Haɗejiya, bayan ya haɗu da na Jama'are, shi ne yake zama Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijeriya da jihar Diffa ta Nijar kafin ya faɗa tafkin Chadi. A jihar Diffa aka haifi Mohamed Bazoum a 1960, Balarabe daga ƙabilar Aulad Sulaiman. Shi ba ɗan ruwa biyu ba ne, amma takararsa ita ce mafi kusa da ta nuna yadda launi ya shigo siyasar wannan yanki. Tsarin mulkin Nijar na 2010 ya shardanta ɗan takara ya kasance ɗan ƙasa na asali. 'Yan adawa suka kai ƙara cewa Bazoum ba ɗan Nijar ba ne, Kotun Tsarin Mulki ta yi watsi da ƙarar, amma zancen farar fata bai daina yawo a yaƙin neman zaɓe ba. A zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairu 2021, ya sami kusan kashi 56 cikin ɗari a kan tsohon shugaba Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram. Jihar Tawa, inda Hausawa suka fi yawa, ita ce ta ba shi gagarumin rinjaye, domin can ne tushen jam'iyyarsa ta PNDS Tarayya. Ke nan riƙo da jam'iyya ya rinjayi launi a wurin masu zaɓe. Sojoji sun kifar da shi ranar 26 ga Yuli 2023.

A Nijeriya ma makamin da ake ɗauka shi ne na asali. A watan Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na jam'iyyar GNPP a majalisar jihar Borno, zuwa Chadi, bisa hujjar ubansa ɗan can ne. Kotu ta mayar masa da haƙƙinsa, domin uwarsa 'yar Nijeriya ce. A 2019 jam'iyyar APC ta gabatar wa kotun sauraron ƙararrakin zaɓe cewa Atiku Abubakar ba haifaffen Nijeriya ba ne, saboda an haife shi a Jada a 1946, lokacin da garin ke cikin Kamaru ta Arewa kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 ya nemi ɗan takara ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa, sashe na 25 kuwa ya yarda a sami wannan ta uba ko uwa ko kaka. Babu ambaton launi a ciki.

4.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata an ga cewa a ƙasar Haɗejiya, tun daga hikayar Biram har zuwa gidan Sambo, gamin jini bai taɓa zama shingen hawa gadon sarauta ba, muddin uba ɗan sarauta ne. A Amurka launi ne ya zama ma'auni saboda dokokin bauta, a Nijar da Nijeriya kuwa tsohuwar tambayar ɗan wane ne ta rikiɗe ta koma ta takardar zama ɗan ƙasa, wani lokaci a fake da ita a yi gorin fata. Tsarin mulkin zamani ya buɗe ƙofar da sarauta ta rufe, tun da ɗan talaka yana iya tsayawa, kuma nasabar uwa ta wadatar. Wannan yana da muhimmanci ga mutanen fadamar Haɗejiya, waɗanda da yawansu suke da dangi a Borno da Damagaram da Diffa, domin duk ranar da ɗayansu ya nemi babbar kujera, da wannan tambaya za a tare shi. Babi na gaba zai duba yadda al'amarin asali ya shafi rabon muƙamai a jihar Jigawa tun kafa ta a 1991.