Dacewar Muryar Mawaƙan Bayan Fage Maza da Kiɗa a Finafinan Hindi, 1951 zuwa 1977

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda muryar mawaƙa maza take zama a kan kiɗa a finafinan Hindi. An saurari zaɓaɓɓun waƙoƙin Mohammed Rafi da Mukesh da Manna Dey da Kishore Kumar, ana lura da tashi da saukar murya, da yanayin karin waƙa, da jarumin da aka ɗora wa waƙar. An gano cewa sau da yawa fuskar jarumi ce ke zaɓen murya, kiɗa ya biyo baya.

Gabatarwa

Lokacin da fim ɗin Alam Ara ya fito a 1931, ɗan wasa da bakinsa yake rera waƙa a gaban kyamara. A 1935 kamfanin New Theatres na Kalkata ya fitar da Dhoop Chhaon, wanda Nitin Bose ya ba da umarni, inda aka fara ɗaukar waƙa daban, ɗan wasa ya bi ta da leɓe. Tun daga nan murya take yi wa mutum biyu aiki: mai tsara kiɗa da jarumi. Tambayar wanda murya ta fi bi a cikinsu ta shafi mai sauraro Bahaushe, domin galibi ba ya jin Hindi. Da amon murya da kiɗa kaɗai yake yanke hukunci.

Inda Murya Ta Hau Kiɗa

A Baiju Bawra (1952), mai tsara kiɗa Naushad ya gina waƙoƙinsa a kan raga, wato tsarin karin waƙa na gargajiyar Indiya. A waƙar kai kuka ga Ubangiji, wadda ke kan raga Darbari, Rafi yana farawa daga ƙasa, murya a natse, sai ya riƙa hawa baiti bayan baiti. A ƙarshe ya kai ƙololuwa, ya maimaita kira ɗaya, kowace maimaitawa ta fi ta baya tsawo, muryar ba ta fashe ba. A nan karin waƙa ne ya nemi mawaƙi, ya kuma same shi.

Na Mukesh daban ne. Muryarsa ba ta da faɗin ta Rafi, tana ɗan fita ta hanci, tana ɗauke da kaɗaici. Duk da haka ta zauna daram a Awaara (1951), domin masu tsara kiɗa Shankar da Jaikishan sun yanka kiɗan daidai ita, kamar tela da ya auna mai riga kafin ya sa almakashi. Jarumin fim ɗin, Raj Kapoor, ya riga ya zaɓi muryar Mukesh. Makaɗa suka bi.

Inda Fuska Ta Rinjayi Kiɗa

Manna Dey ne ya fi biyan kuɗin wannan tsari. Ya ƙware a waƙar gargajiya har aka haɗa shi da gwanin wannan fanni Bhimsen Joshi a Basant Bahar (1956), amma an fi kiransa idan waƙa ta yi wuya ko ta barkwanci ce. Padosan (1968) ya fito da lamarin fili. A gasar waƙa da R.D. Burman ya tsara, Manna Dey ne muryar Mehmood, malamin kiɗa, yana lanƙwasa murya da sauri bisa ƙa'ida. Kishore Kumar kuwa yana laɓe yana rerawa, jarumi Sunil Dutt yana motsa baki. Kunne ya san wanda ya riƙe karin, amma labari ya ba ɗayan nasara. A ra'ayin mai wannan nazari, an tauye wa Manna Dey haƙƙi, finafinan ma sun yi asara.

Akwai togaciya. A Ragini (1958), Kishore ne a fuskar allo, amma mai tsara kiɗa O.P. Nayyar ya ba Rafi wata waƙa mai salon gargajiya ya rera masa. Irin wannan ba ta da yawa.

Bayan Aradhana (1969), tauraron jarumi Rajesh Khanna ya haska, muryar Kishore mai kauri da sakewa ta zama tasa, masu shirya fim suka koma can ɗungurungum. Ayyukan Rafi suka ragu, alhali muryarsa ba ta gaza ba, domin waƙarsa a Hum Kisise Kum Naheen (1977) ta ci lambar yabo ta ƙasa.